Spitfire ko Thunderbolt: wanne za ka fara ginawa a jiragen yaƙi na rimot?

Wanda ya ƙware da jirgin koyo mai fiffike a sama, har yana sauke shi sau goma a jere bai karya farfela ba, ransa kan fara biya masa jirgin yaƙi. Sunan da ke fara zuwa baki kuma shi ne Spitfire. Ba a ga laifinsa ba, don a jiragen Yaƙin Duniya na Biyu da wuya a sami wanda ya kai shi kyan diri. Sai dai kyan diri ba ya sauke jirgi lafiya. Idan wannan ne karo na farko da za ka zana jirgin yaƙi ka gina shi da hannunka, shawararmu ita ce ka ɗauki P-47 Thunderbolt, Spitfire ya jira zagaye na biyu. Hujjar tana cikin ƙafafu, da kaurin fiffike, da hanci. Akwai kuma inda Spitfire ya fi, za mu zo kansa.

Spitfire zanen R. J. Mitchell ne na kamfanin Supermarine a Ingila, ya fara tashi ranar 5 ga Maris 1936. Daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike mita 11.23 ne, shimfiɗar fiffiken murabba'in mita 22.5, injinsa Rolls-Royce Merlin mai silinda 12 da ruwa ke sanyayawa, shi ya sa hancin ya fito siriri. Thunderbolt kuwa Alexander Kartveli ne ya zana wa kamfanin Republic na Amurka, ya fara tashi ranar 6 ga Mayu 1941. Faɗinsa mita 12.43, shimfiɗar fiffike murabba'in mita 27.9, injinsa Pratt & Whitney R-2800 mai silinda 18 a da'ira biyu, iska ce ke sanyaya shi, don haka gabansa ya fito kamar bakin randa.

Don kwatancin ya yi adalci, a rage Spitfire da ma'aunin 1:8, Thunderbolt da 1:9. Na farko zai fito santimita 140, na biyu 138. A nan masu fara zane kan yi tuntuɓe: tsawo ake rabawa da 8 ko 9, amma shimfiɗa da 64 ko 81 ake raba ta. Spitfire zai ba ka dm² 35, Thunderbolt dm² 34.4, inda dm² ɗaya ke nufin fili mai santimita 10 ta kowane gefe. Kusan kunnen doki ke nan a fiffike. Wannan girman muka zaɓa saboda jirgin yaƙin da bai kai mita ɗaya ba iska na wasa da shi kuma nauyin ƙafafu masu naɗewa na yi masa yawa, wanda ya wuce mita 1.6 kuma kuɗin batir da inji na ninkawa, ga shi ba ya shiga kujerar bayan mota.

Ƙafafu

A ƙasa ake fasa yawancin jiragen yaƙi na rimot, a daƙiƙa biyar na tashi da daƙiƙa biyar na sauka. Ƙafafun Spitfire a kusa da gangar jiki aka dasa su, suna naɗewa waje zuwa bakin fiffike. Tsakanin tayoyin jirgin gaske bai kai mita 1.8 ba, wato a samfurinka santimita 22 kacal, ƙarƙashin fiffike mai 140. Na Thunderbolt can waje aka dasa su, suna naɗewa ciki, tsakaninsu mita 4.75, wato santimita 53 a samfuri. Ya ninka na Spitfire sau biyu da ɗoriya.

Ga abin da wannan ke haifarwa. Da ka buɗe wuta, farfela tana juyawa dama idan ka duba daga baya, jirgin kuma yana son karkata hagu: tayar hagu tana danne ƙasa, iskar farfela tana bugun wutsiya ta gefe ɗaya. Thunderbolt zai ɗan ja hagu, ka taɓa sitiyarin wutsiya zuwa dama ya miƙe. Spitfire kuwa kafin ka gyara ya ɗaga tayar dama, bakin fiffiken hagu ya goge ƙasa, jirgin ya juya a wuri ɗaya. Idan filin jar ƙasa ce mai tsakuwa ko filin ƙwallo mai ramuka, ƙaramin dutse a taya ɗaya ya isa.

Ciwo na biyu shi ne kifewa ta hanci. Tayoyin Spitfire suna kusa da cibiyar nauyi, don haka da sun ci karo da ciyawa ko yashi sai wutsiya ta tashi, farfela ta sari ƙasa. Maganin a wurin zane yake. Ka zana jirgin a kwance daidai, ka ja layi daga cibiyar nauyi zuwa inda taya ke taɓa ƙasa, layin ya karkata gaba da digiri 15 zuwa 20. A kan kwalta 15 ya isa, a kan turɓaya ka nemi 20. A aikace, ƙarfen tsakiyar taya ya zo ƙarƙashin gaban fiffike ko ya ɗan gota shi. Idan ka gama gini ka ga bai kai ba, ka sa washa, wato zoben ƙarfe, mai kaurin milimita 2 zuwa 3 ƙarƙashin kusoshin baya na na'urar naɗe ƙafa, ƙafar za ta miƙa gaba. Amma ka sani da ka yi haka tayar ba za ta ƙara faɗawa tsakiyar raminta ba idan ta naɗe, sai ka sake yanka ramin. Ka kuma karkatar da gaban tayoyin ciki da digiri 1 zuwa 2. Tayoyin da suka buɗe waje suna ƙara wa jirgi yawo a ƙasa.

Wurin sayen na'urar naɗewa ma akwai tarko. Fukafukan jiragen nan biyu suna ɗage sama da kusan digiri 6. Ƙafar da ke naɗewa ciki, irin ta Thunderbolt, digiri 85 take buƙata, wadda ke naɗewa waje, irin ta Spitfire, 95. Wanda ya sayi mai 90 don ita ce ta cika kasuwa, ko dai ƙafar ta tsaya a karkace ko tayar ta leƙo daga fiffike. Ka nemi ta lantarki da aka rubuta tana ɗaukar kilo 3, da ƙafar waya mai milimita 4 mai naɗin sifirin ɗaya. Biyun za su ci maka giram 120 zuwa 150. Ka ɗora su a kan sanduna biyu na katako mai ƙarfi, milimita 10 da 10, waɗanda suka ratsa haƙarƙarin fiffike uku da aka ninka da filawud mai milimita 2. Balsa zalla, wato katakon nan mai laushi mara nauyi, a wurin nan ba ya kai sauka biyar. Kada kuma ka cika wa zaren ƙarfen cikin na'urar giris, yashi yake tarawa har ta cije.

Thunderbolt ma yana da nasa. Farfelar jirgin gaske ta kai kusan mita 4 a samfuran baya, don haka ƙafafun suna da tsawo, kuma da za su naɗe sai su gajarce da kusan santimita 23 kafin su shiga fiffike. Wannan dabarar ba za ka yi ta da arha a samfuri ba. Ƙafarka za ta fito gajere, sai ka auna: idan wutsiya ta tashi jirgin ya kwanta daidai, bakin farfela ya bar ƙasa da santimita 3 zuwa 4. In bai bari ba, ka matsar da gindin ƙafar waje da santimita 1 ko ka sauko daga farfela mai inci 14 zuwa 13. Ladar da ke ciki ita ce fiffikensa na karɓar taya mai santimita 8 zuwa 9, Spitfire kuwa da ƙyar ya haɗiye mai 7, kuma babbar taya ta fi haye tsakuwa.

Fiffike

Fiffiken Spitfire mai siffar ƙwai shi ne abin da ake so a jikinsa, shi ne kuma abin da ke cinye makonni. A jirgin gaske kaurinsa kashi 13 cikin 100 na faɗinsa ne a gindi, ya sirance zuwa kusan kashi 9 a baki. Faɗin gindi a ma'aunin 1:8 santimita 31.7 ne, kauri kuma 4.1. Matsalar ita ce tayar ba a gindi take kwana ba, can waje take zuwa inda fiffiken ya riga ya sirance. Abin da masu gini ke yi shi ne su ƙara kauri a ɓoye: siffar yankan fiffike mai lamba NACA 2415 a gindi, 2412 a baki. Daga taku uku ba mai ganewa, ga wurin taya ya samu, ga jirgin ya fi haƙuri da tafiyar a hankali. Wannan yankan ya dace da Thunderbolt ma.

Wajen aiki, gaban fiffiken Thunderbolt kusan miƙaƙƙe ne, bayansa ne ke lanƙwasa. Sanda ɗaya ta balsa ta isa gaba. Spitfire gaba da baya duk lanƙwasa ne, sai ka jiƙa sirarin balsa uku masu milimita 2, ka shafa gam ɗin kafinta, ka lanƙwasa su a jikin ƙusoshi bisa zanen, su kwana. Haƙarƙari 12 a kowane gefe, tazarar santimita 5.5 zuwa 6, kowanne da nasa girman. Dabarar nan ta jera katakai tsakanin ma'auni biyu a goge su gaba ɗaya ba ta aiki a nan, don ita fiffike mai miƙaƙƙen gefe take fitarwa. Haka ma yanka fom da zazzafar waya: waya a miƙe take, ba ta san ƙwai ba. Thunderbolt za ka iya yanka shi gida biyu a kowane gefe ka ƙarasa lanƙwasar baya da balsa da sanfefa. Spitfire sai gida uku ko huɗu, da guga mai yawa, kuma da wuya hagu da dama su fito iri ɗaya.

Abin da ba a sasantawa a kansa a jiragen biyu shi ne murɗin baki. Idan jirgi ya rage gudu har fiffike ya saki iska, ana so gindi ya fara saki, baki ya riƙe. In baki ne ya fara, fiffike ɗaya zai faɗi, jirgin ya juye ya nufi ƙasa, kuma a tsayin mita uku ba ka da lokacin ceto. Siririn bakin Spitfire ya fi saurin yin haka, kuma jirgin gaske ma da murɗin kusan digiri 2.5 aka yi shi. Ka ba Thunderbolt digiri 2, Spitfire 2.5. Yadda ake yi: a haƙarƙarin da faɗinsa santimita 15 ne kusa da baki, ka ɗaga bayansa da milimita 6.5 don digiri 2.5, ko milimita 5 don digiri 2, ka rage ɗagawar a hankali har ta ƙare a gindi. Fatar sama ce ke kulle murɗin, don haka fiffiken ya kasance a danne a kan matashan da ka ɗaga bayansa da su lokacin da kake manna ta, ya kwana a haka. Katako ɗaya ka yanka gida biyu ka yi matashan hagu da dama. Bambancin digiri ɗaya tsakanin fukafukan ya fi rashin murɗin gaba ɗaya muni.

Azarar fiffike a duka biyun: sanduna biyu na katako mara nauyi mai miƙaƙƙen zare, milimita 6 da 6, sama da ƙasa, a haɗa su da balsa mai milimita 1.5 wanda zarensa ke tsaye. A tsakiya a ɗaure fukafukan da filawud mai milimita 3 da gam ɗin efoksi mai minti 30. A Spitfire an yi sa'a, azarar miƙaƙƙiya ce a kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin fiffike, kuma a kanta cibiyar nauyi ke zama.

Hanci, zafi da dalma

Kayan wuta kusan ɗaya ne. Jirgin yaƙi na son wat 200 zuwa 220 ga kowane kilo. Spitfire mai kilo 2.3 zai wadatu da wat 500, Thunderbolt mai kilo 2.6 ka ba shi 600, don ƙaton gabansa na tare iska. Injin lantarki mai lamba 4250 da kV 600 zuwa 650, wato juyi a minti ga kowane volt, farfela 14x7 mai ganye biyu, batirin LiPo mai gida 4 da mAh 4000, na'urar ESC mai sarrafa gudun inji, mai amfiya 60, wadda ke ba sarbo, wato ƙananan injinan da ke motsa sitiyarin jirgi, amfiya 5. A cikakkiyar wuta za ka ga amfiya 40 ko kusa. Ka auna da mitar wat kafin tashi, kada ka dogara da abin da aka rubuta a kwali. Kashi 80 na batirin mAh 3200 ne, a matsakaicin jan amfiya 25 minti bakwai da rabi ke nan. Farfela mai ganye huɗu ta fi kama da ta gaske, amma tana jan wuta fiye da mai biyu. In dole sai ita, ka rage inci 1 zuwa 2, ka sake aunawa. A Thunderbolt kada ka sauka ƙasa da inci 13, don murfin injin kaɗai ya kai santimita 15 a faɗi, ƙaramar farfela rabin iskarta a jikinsa take ƙarewa.

Bambancin yana wajen inda za ka zuba kayan. Murfin Thunderbolt ɗaki ne: inji, ESC, har rabin batir suna shiga, iska na ratsa su. Abin da kawai za ka kiyaye shi ne mafita, ka bar tazarar milimita 3 zuwa 4 tsakanin bayan murfin da gangar jiki. Hancin Spitfire kuwa a rufe yake, hular farfela ta toshe gaba. Sai ka buɗe mashigar iska ta ƙarƙashin hanci, ka huda bututun hayaƙin ado, ka yi mafita a ciki bayan fiffike wadda ta ninka mashiga sau 1.5 zuwa 2. Masu buɗe mashiga su manta mafita su ne ESC ke yanke musu wuta a minti na uku, don iskar da ba ta da hanyar fita ba ta shiga.

Akwai wata dabara a tarihin jirgin. Daga 1940 sojojin saman Ingila suna haɗa jirage a Takoradi ta Gana, su bi da su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato N'Djamena ta yanzu, Al-Fashir da Khartoum zuwa Masar, kuma daga baya har da Spitfire. Samfurin Mk V na hamada yana da ƙatuwar matatar ƙura ta Vokes a ƙarƙashin hanci. Ta ɓata masa kyau, gaskiya, amma ga mai gini mashigar iska ce kyauta da wurin zaman ESC. Sai dai hancin Mk V gajere ne, kamar na Mk I. Wanda ke tsoron dalmar da ake ƙarawa a hanci don daidaita nauyi ya ɗauki Mk IX mai dogon hanci.

Zancen dalma ke nan. Daga cibiyar nauyi zuwa wutsiyar Spitfire kusan santimita 70 ne, zuwa inda nauyin hanci zai zauna kusan 20. Giram 10 na rarar gam ko fenti a wutsiya na neman giram 35 a hanci. Haka jirgin da aka zana a kilo 2.3 ke ƙarewa a 2.8. Don haka balsa mafi rashin nauyi a wutsiya za ta, sarbo na elebeta, mai ɗaga hanci da sauke shi, da na sitiyarin wutsiya su zauna gaba a kan fiffike, tayar wutsiya kada ta naɗe. Cibiyar nauyin Spitfire santimita 7.5 zuwa 8 ce daga gaban fiffike a gindi. Ta Thunderbolt ka fara da kashi 25 zuwa 27 na matsakaicin faɗin fiffike. Ka kife jirgin a kan yatsu biyu, batir a ciki, ƙafafu a naɗe, hanci ya ɗan sunkuya. Wutsiyar kwance ta Spitfire ƙarama ce, ka ƙara mata kashi 10 zuwa 15 tun a zane. A Thunderbolt ka zaɓi tsohon samfuri mai tudun baya maimakon mai rumfar gilashi zagayayya: gefensa ya fi faɗi, ya fi tafiya a miƙe. Jiragen gaske masu zagayayyar rumfa ma sai da aka ƙara musu siririn tudu a gaban wutsiya saboda wannan.

Inda Spitfire ya fi

Ya fi rashin nauyi, kuma rashin nauyi ba ƙaramin abu ba ne. Giram 2300 a kan dm² 35 na ba da giram 66 ga kowane dm². Giram 2600 a kan 34.4 na ba da 76. A lissafi na kusa, Spitfire na sakin iska a kilomita 37 cikin awa, Thunderbolt a 40. Duk wanda ya wuce 85 a wannan girman ya gina abin da sai gwani zai sauke. Zafi na ƙara wa lissafin: a rana mai digiri 40 a tsayin ƙasa irin na Kano, iska ta fi ta ma'aunin littafi sirancewa da kusan kashi 13, gudun sauka na ƙaruwa da kashi 7, farfela kuma ba ta cizo sosai. Thunderbolt ya fi jin wannan. Shi filaf, wato faifan bayan fiffike da ake saukewa don rage gudun sauka, ba ado ba ne a gare shi, ka sa masa, digiri 15 a mataki na farko, 35 zuwa 40 a na biyu. Spitfire na iya sauka ba filaf.

Gangar jikinsa ma ba ta cin katako. Ta Thunderbolt ƙatuwa ce mai zagaye, sai an rufe ta da sirarin balsa masu kaurin milimita 2.5 da faɗin 8 zuwa 10, ɗaya bayan ɗaya, hagu da dama bi da bi don kada ta karkace. Aiki ne mai cin rai amma ba mai wuya ba. A Spitfire wurin da ke ba da wuya shi ne lanƙwasar da ke haɗa fiffike da jiki.

Kuma idan ba ka da fili mai santsi ko kaɗan, zaɓin na juyawa. Ka cire ƙafafu gaba ɗaya, ka rage girman zuwa mita 1.1, wani ya jefa maka shi da hannu, ka sauke shi a kan ciki a ciyawa. A haka duk laifin ƙafafun Spitfire ya tafi, siririn jikinsa na kamuwa a hannu, Thunderbolt kuwa tafin hannu ba ya zagaye shi. Akwatunan sanyaya ruwa na ƙarƙashin fiffike ka riƙe su da maganaɗisu, su ɓalle a sauka maimakon su yage fata.

Masu tambayar sauran jiragen: Mustang yana tsakiyar biyun, ƙafafunsa masu faɗi ne, amma bakin iskar da ke cikinsa na karyewa a saukar ciki. Bf 109 na Jamus ya fi Spitfire wahala a ƙasa. Corsair da lanƙwasasshen fiffikensa da ƙafar da ke juyawa digiri 90 kafin ta kwanta, a bar shi sai na uku.

Katako, fom da fenti

Balsa galibi daga Ikwado yake fitowa, yana da tsada, kuma ba ko'ina ake samunsa ba. Ga fiffiken fom akwai madadi daga dazukan Afirka ta Yamma: katakon obeche, wanda ake kira wawa a Gana, ayus a Kamaru, wanda masu gina jirage a Turai suka daɗe suna rufe fom da ɓawonsa. Ya ninka balsa nauyi fiye da sau biyu, amma siriri ake sa shi. Fata mai milimita 0.6 a sama da ƙasan fiffiken nan kusan giram 160 ce, balsa mai 1.5 kusan 140. Sai dai obeche ba ya lanƙwasa ta fuska biyu a lokaci ɗaya, don haka ya dace da Thunderbolt, a bakin fiffiken Spitfire kuwa tattarewa yake. Sufa gulu da fentin feshi na gwangwani suna narkar da farin fom, ka gwada a guntu tukuna. Gam ɗin kyandir mai zafi na saki a cikin motar da aka ajiye a rana, kada ya je kusa da mazaunin inji; wurin nan filawud mai milimita 5 zuwa 6 ne da efoksi.

Rumfar matuƙi da gorar roba ake yi: ka sassaƙa siffar da katako, ka cusa ta cikin gorar lita 1.5 ko 2 da aka yanke wa gindi, ka toshe ƙasa da guntun katako ta matse, ka bi ta da bindigar zafi daga nesa, robar za ta tsuke ta kama siffar. Rumfar Thunderbolt mai tudun baya tana da sanduna da yawa, fentinsu na rufe kurakurai.

Rufin ƙarshe yadin gilashi ne mai giram 25 ga murabba'in mita, da efoksi siriri da aka share rararsa da tsohon kati. Duka rufi da fenti kada su wuce giram 200. Launi kuwa ka tuna galibi an zaɓe shi ne don kada a ga jirgin. Kore da toka na Spitfire na ɓacewa a gaban itatuwa, ruwan azurfa na Thunderbolt na narkewa cikin hazon hunturu. Zanen baƙi da fari da aka yi wa jiragen ƙawance a Yunin 1944 gaskiya ne a tarihi ga duka biyun, kuma shi ke bambanta maka cikin jirgin da bayansa a nisan mita 200. Fenti mai duhu a kan fom, in ya sha rana, ƙuraje yake fitarwa. A fili ka rufe jirgin da farin zani.

Ranar tashin farko

Kafin komai, jirgi mai kama da na yaƙi ba abin ɗauka a je kusa da filin jirgi ko barikin soja ba ne. A Najeriya hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ne ke da hurumin izinin jirage marasa matuƙi, ka nemi ƙa'idar da ke aiki a inda kake, ka kuma sanar da masu filin.

Rimot mai tasha 6 a 2.4 GHz ya isa, da sarbo masu haƙoran ƙarfe na giram 17 zuwa 20: biyu a eleron, masu kwantar da jirgi hagu ko dama, ɗaya elebeta, ɗaya sitiyarin wutsiya, biyu filaf. Ka cire farfela duk lokacin da kake saiti. Elebetar Spitfire milimita 8 sama da ƙasa, kada ka ƙara, don ita ce ke sa shi ya fizge ya juye a kwana. Ta Thunderbolt 12. Eleron 10 zuwa 12, sitiyarin wutsiya 25, laushin tsakiyar sandar rimot kashi 30. Injin ya kalli dama da digiri 2, ƙasa da digiri 1. Ka kashe rimot jirgin na ƙasa ka tabbatar inji na tsayawa da kansa.

Ka je da sassafe kafin iska da zafi su taso. Hanci ya fuskanci iska, elebeta a ja baya, ka buɗe wuta a hankali cikin daƙiƙa 3 zuwa 4, yatsa na kan sitiyarin dama. Da gudu ya kama ka saki elebeta wutsiya ta tashi, ka bar shi ya ƙara gudu a kan tayoyi biyu. Wanda ya ci gaba da riƙe elebeta zai ga jirgin ya tashi tun bai shirya ba, ya kwanta hagu, ya dawo ƙasa a kife. Can sama, a tsayin da za ka iya kuskure sau uku, ka rage wuta ka ja elebeta a hankali ka ga yadda yake sakin iska da gefen da yake faɗawa. Sauka da rubu'in wuta ake yi, a kan tayoyin gaba, ba a kashe inji sai sun taɓa ƙasa. Thunderbolt musamman, da ka yanke masa wuta ƙaton gabansa birki ne.

Agogon rimot ka sa shi a minti 5 a karon farko. Bayan sauka ka auna batir, kowane gida ya nuna volt 3.7 zuwa 3.8, in ya fi haka sai ka ƙara minti ɗaya a tashi na gaba. Ka ɗora yatsa a kan inji da ESC, in ba za ka iya ƙirga biyar ba mafitar iska ta yi kaɗan ko farfelar ta yi girma. Sannan ka kife jirgin ka girgiza kowace ƙafa da hannu, ka duba ko sandunan da ke riƙe ta sun fara tsagewa daga haƙarƙari.